Maɗaci: manya na ƙarewa, ƙanana ba sa tasowa

Duk wanda ya san kasuwar katako a Sudan ya san darajar jan katakon nan da ake ce wa mahogani. Shi ne gadon amarya a gidan masu hali, shi ne ƙofar falo, shi ne kabad ɗin da uwa ke bar wa 'yarta. Kafinta a Sajjana ko a Wad Madani zai nuna maka katakon muski, ya nuna maka na zan, amma da ka ce kana son abin da zai kai jikoki sai ya ce maka, "Alhaji, akwai mahogani, in aljihu zai ɗauka." Yawancin yaranmu da aka haifa a nan sun san katakon, ba su san bishiyar ba. Maɗaci ne, wanda kakanninmu suka baro a bakin rafukan ƙasar Hausa, suka zo suka tarar da shi a nan ma yana tsaye.

Masana tsirrai suna kiransa Khaya senegalensis, danginsu ɗaya da darbejiya. Yana fitowa da kansa tun daga Senigal har zuwa Sudan da arewacin Uganda, a inda ruwan shekara ya kai kamar milimita 650 zuwa 1,300, ya fi kuma son bakin rafi da kwari inda ƙasa ke da zurfi. Shi ya sa a wajenmu ba a samun na daji a Jazira ko a kewayen Sinnar, ruwan bai kai ba, sai wanda aka dasa ake yi wa ban ruwa. Gidansa na asali daga Damazin ne ka yi kudu, wajen Ƙaisan da Kurmuk, sai Duwatsun Nuba, sai kudancin Darfur. Mafi yawansa kuwa yana Baharul Gazal da Istiwa'iyya, waɗanda suka tafi da Sudan ta Kudu ranar 9 ga Yulin 2011. Tun daga wannan rana ɗan abin da ya rage mana a arewa shi ke ɗauke da nauyin kasuwar da a da ƙasa guda ke ciyarwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami abu ne da kowa zai iya gani da idonsa in ya bi bakin kwari inda maɗaci ke nan. Za ka ga tsofaffi, manya-manya, wasu mutum biyu ba sa iya rungumarsu. Bayan saukar ruwa za ka iya ganin 'yan tsiro masu ganye huɗu ko shida a ƙarƙashinsu. Amma nemi na tsakiya, mai kaurin cinya, mai kaurin turmi, wanda ya shekara goma ko ashirin. Sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ko ɗaya ba. Makiyayi ya san ma'anar wannan sarai: garken da duk tsofaffin shanu ne, ba maruƙa ba karsana, ya riga ya ƙare ko da kuwa yau ya cika ido. Dajin maɗacinmu haka yake a wurare da yawa, mu kuma muna ƙirga tsofaffin muna cewa alhamdu lillahi akwai sauran itace.

Don a gane inda gizo ke saƙar, sai an fara daga iri. Ɗan maɗaci ƙwallo ne mai tauri, launin toka-toka, bai kai lemon zaƙi girma ba, yana tsaye a kan reshe yana kallon sama. In ya nuna a cikin rani sai ya tsage gida huɗu, ɓawon ya buɗe, ka ga iri a ciki an jera shi ɗaya bisa ɗaya a jikin wani ginshiƙi na tsakiya. Kowane ƙwaya falle ne, launin ƙasa, da ɗan fiffike siriri ya kewaye shi. Ɗauki ɗaya ka matsa da farce, za ka ji taushi, ka ga maiƙo. Wannan maiƙon shi ne man maɗacin da tsofaffi suka sani, shi ne kuma rauninsa. Iri mai mai da ɓawo marar kauri ba ya jure zafi da jira. Cikin 'yan watanni ƙarfinsa ya tafi, kafin nan ma ƙwari da ɓeraye da tururuwa sun ci rabonsu. Iska ce ke ɗaukarsa, ita ma ba ta kai shi nesa. Yawanci yana zuba ne kusa da uwar, wanda ya yi nisa ƙwarai shi ne ya kai mita 100.

Mu da muke zaune bakin Nilul Azrak mun saba da wata bishiyar mai hali dabam, kuma ina jin sabon nan ne yake ruɗinmu. Bagaruwa, wato sunut, irinta dutse ne. Yana iya kwana shekaru a cikin ƙasa, ko ya bi ta cikin akuya ya fito lafiya, har sai malaman gabat, wato ma'aikatan hukumar daji, sun jiƙa shi da ruwan asid kafin ya yarda ya tsiro da wuri. Shi ya sa dazuzzukan sunut na mayoyin kogi, wato fadamun da ambaliya ke cikawa, daga Rusairis zuwa Sinnar, suka yi shekaru da dama ana sarrafa su cikin tsari: a yanke fili gaba ɗaya, a kai gungume injin Suki a fitar da katakon shimfiɗar layin dogo, ambaliya ta shigo ta ja da baya, a watsa iri a danshi, bayan kamar shekara 30 a dawo a sake yanka. Bagaruwa tana da ajiya a ƙasa. Maɗaci ba shi da ita. Irin bana na bana ne kawai. In bai tsiro a daminar nan ba, shi ke nan. Saboda haka ranar da aka rasa uwa ta ƙarshe a wani kwari, har kututture da saiwa, ranar aka rufe littafin maɗaci a wurin, ko da an killace shi shekara hamsin.

Wannan darasi an biya shi da tsada a wata nahiyar kafin mu. Mahogani na asali wanda Turawa suka fara sani daga yankin Amurka yake, jinsin Swietenia, ɗan'uwan maɗaci na kusa. Na tsibiran Karibiyan an cinye shi tun ƙarnonin baya wajen ƙera jiragen ruwa da kujerun manyan Ingila da Sifen. Da ya yi ƙaranci sai kasuwa ta juya kan mai faɗin ganye, Swietenia macrophylla, wanda ke fitowa daga Mekziko har Boliviya da Birazil, ta kuma juyo Afirka. Maɗacinmu ne ma na farko da aka fara fitarwa zuwa Turai daga Gambiya tun ƙarni na 19. A dajin Amazon bishiyar ba ta cunkushe ba, sau da yawa ba a samun ko babba ɗaya a hekta guda. Amma tsadarta ta isa ta sa kamfani ya fasa hanyar mota mai nisan gaske don ya kai gare ta. A kudancin jihar Para ta Birazil masu yanka sun riƙa kwashe fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan da suka isa sayarwa a shiga ɗaya, hanyar da suka bari kuma ta zama ƙofar masu kiwon shanu da masu ƙona daji. Abin ya kai gwamnatin Birazil ta dakatar da cinikin mahogani a 2001.

A lokacin, hujjar masu yanka mai daɗin ji ce, kuma ita ce dai muke ji a nan har gobe: ai ba mu share daji ba, manya kawai muka tsinta, ƙanana za su taso su maye gurbi. Masu bincike da suka koma wuraren bayan shekaru sai suka tarar ba haka ba ne. Wata masaniyar daji, Laura Snook, ta yi aiki mai tsawo a jihar Kintana Ro da ke kudu maso gabashin Mekziko. Ta lura cewa mahogani a can rukuni-rukuni yake, kowane rukuni sa'o'in juna ne, kuma in aka bi shekarunsu sai a tarar sun faro ne bayan wata babbar masifa, guguwar teku irin wadda ta daki garin Chetumal a 1955, sannan gobara ta biyo baya. Guguwa ta karya daji, wuta ta cinye tarkace, manyan mahogani masu kaurin ɓawo suka tsira, suka zuba iri a fili mai toka da rana tsaf. A dajin Chimanes na Boliviya wasu suka ga irin wannan, sai dai a can ambaliya ce ke kashe daji ta buɗe fili. Ma'ana, ɗan mahogani mai son rana ne ƙwarai. Ɗan gurbin da faɗuwar bishiya ɗaya ke buɗewa a cikin daji mai duhu bai ishe shi ba, kafin ya miƙe sauran itatuwa sun rufe sama.

Sai ka duba abin da tsintar manya take yi. Ta ɗauke mai zuba iri, ba ta kuma buɗe filin da iri ke bukata ba. An yi asara ta fuska biyu a sara ɗaya. Daga baya Snook da abokan aikinta sun gwada abin a aikace: suka share filaye masu girman rabin hekta, wasu da sara kawai, wasu da katafila, wasu da sara da ƙuna irin na manoman ƙabilar Maya, suka dasa, suka kuma dasa wasu a ƙarƙashin inuwar daji. Bayan kusan shekara biyar, a filayen da aka ƙone kimanin rabi sun rayu kuma su suka fi tsawo, a inuwa kuwa da ƙyar ɗaya cikin ashirin ya rage. Wannan ya girgiza masu ganin cewa kare daji shi ne a hana kowa taɓa shi, domin ya nuna sassaben manomin gargajiya, wanda aka daɗe ana zagi, yana cikin abin da ya raya mahogani a wannan yanki tun zamanin da.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda ita ta fi ba ni tsoro. Tsarin Kintana Ro ya ginu ne a kan zagaye na shekara 25, ana yanka wanda kaurinsa ya kai santimita 55, da tsammanin bishiya za ta kai haka cikin zagaye uku, wato shekara 75. Awon Snook ya nuna da yawa sai sun haura shekara 100. A Birazil, da aka sake buɗe yanka bayan 2003, doka ta ce kada a taɓa wanda bai kai santimita 60 ba, a kuma bar kashi 20 cikin 100 na manya a tsaye su zama iyaye. Ci gaba ne babba. Duk da haka James Grogan da abokansa, waɗanda suka shekara da shekaru suna auna bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya a Para, lissafinsu ya nuna ko da wannan doka yawan katakon zai riƙa raguwa daga zagaye zuwa zagaye, sai an ƙara yawan waɗanda ake bari, an kuma taimaka wa ƙanana da hannu. Yankan farko dukiyar ƙarnoni ake kwasa. Kuskuren shi ne a ɗauka yanka na biyu zai yi kama da shi.

To, a nan nake so mu yi hattara, don na ga masu karatu na saurin ɗauko maganin wata ƙasa su shafa wa tamu. Ko a can ma masana ba su haɗu a kan cewa sai da masifa mahogani ke haihuwa ba. Wasu sun nuna cewa a dazuzzukan da ke da rani mai tsawo, inda itatuwa ke kaɗe ganye rana ta kai ƙasa, yana tasowa a hankali ba tare da guguwa ba. Dajinmu ya fi kama da wannan, har ya zarce. A kudancin Nilul Azrak ba duhu ne matsalar ɗan maɗaci ba, rana kam har ta yi yawa. A shekararsa ta farko ma yana jin daɗin 'yar inuwa. Duk wanda ya karanta labarin Mekziko ya ce a ƙone bakin kwari don maɗaci ya fito, ya kashe shi ne. Wutar da ta taimaka a can sau ɗaya take zuwa a shekaru masu yawa, sannan a sami dogon hutu. Tamu kowace shekara ce.

Ga yadda abin yake tafiya. Iri ya zuba da rani, ruwa ya sauka a watan Yuni, ya tsiro cikin mako biyu zuwa uku. Duk damina ƙarfinsa a ƙasa yake zubawa, yana tura saiwa can ƙasa neman danshi, a sama bai wuce taƙi ɗaya ba. Ciyawa kuwa ta fi mutum tsawo. Kaka ta yi, ciyawa ta bushe, wani ya cinna wuta, ko mai neman zuma, ko mafarauci, ko mai son sabon toho, ko mai sharar gona. Tsohon maɗaci ko a jikinsa, ɗan tsiro kuwa ya ƙone ƙurmus. Wanda saiwarsa ta yi ƙarfi zai sake toho, sai ya zama shi kaɗai ne kore a cikin baƙin fili a tsakiyar rani, daidai lokacin da garken awaki da raƙuma ke gangarowa kwari neman ruwa. Haka zai yi ta yi, ya toho a cinye, ya toho a ƙone, ya shekara biyar bai wuce gwiwa ba, har ya gaji. Ba iri ne ya ƙi fitowa ba. Tsallake shekarun nan na farko, har kansa ya wuce harshen wuta da bakin dabba, shi ne ya gagara.

Wanda ya fi wuta da akuya ɓarna kuwa shi ne diski, garmar da tarakta ke ja. Tun da aka fara noman inji a yankin Gadarif a shekarun 1940, aka kuma kafa hukumar noman inji a 1968, mashru'ai, wato manyan gonakin inji, suka yi ta cin daji har zuwa Damazin da Habila. Mai gatari yana barin kututture, kututturen maɗaci kuma yana toho, saiwarsa ma tana fitar da 'ya'ya. Tarakta ba ta barin komai. Dokar daji ta 1989, shekarar da aka kafa Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa, ta wajabta a bar kashi 10 cikin 100 na kowane mashru'in damina a ƙarƙashin itatuwa, kashi 5 a na ban ruwa, dokar 2002 ta sake jaddadawa. Duk wanda ya bi hanyar Gadarif da rana ya san inda wannan doka ta tsaya. Da an cika ta, an kuma sa kason nan ya bi bakin kwaruruka maimakon wani lungu marar amfani, da rabin maganar da nake yi ba ta taso ba.

Dole in taɓo namu hannun, mu da Fulani 'yan'uwanmu, domin mu ne muka fi kowa sanin amfanin bishiyar tana tsaye. Sassaƙen maɗaci yana cikin kayan kowane mai magani a kasuwannin Mai Wurno da Sinja da Gadarif: jiƙonsa na zazzaɓi, na ciwon ciki, na tsutsar ciki ga mutum da dabba. Ganyensa abincin shanu ne lokacin da ciyawa ta ƙare. Ba na cikin masu cewa a hana. Amma je ka duba maɗacin da ke kusa da gari. Daga gindi har iya inda hannu da gatari ke kaiwa jikinsa duk tabo ne, wani sabo ja jawur yana tsattsafo da ƙaro, wani ya warke ya yi kumburi, wani kuma an kewaye shi zobe guda. Wanda aka yi wa zobe ya mutu, sai dai bai faɗi ba tukuna, don ta cikin ɓawon nan abincin da ganye ya haɗa ke sauka zuwa saiwa. Masu magani na da suna ɗiban gefe ɗaya, tsiri a tsaye, su bar sauran ya rufe ciwon, wasu har su shafa laka. Mai cika buhu don kasuwa ba shi da wannan haƙurin. Game da sassabe rassa kuma, Orou Gaoue da Tamara Ticktin sun bi maɗatan da makiyaya ke yi wa aski a Jamhuriyar Benin, suka tarar waɗanda ake yawan sare wa rassa 'ya'yansu na raguwa. Abin a fili yake, a ƙarshen reshe fure ke fitowa. Bishiya tana iya zama da rai shekara da shekaru alhali ta daina haihuwa, mai ƙirga kuma ya sa ta cikin iyaye.

Wani zai ce to a dasa mana, me ya yi zafi? An dasa, kuma ana dasawa. Maɗatan da suka yi wa tsofaffin titunan Kano da Zariya da Bamako inuwa duk dashe ne. Amma dashen inuwa dabam, dashen katako dabam, kuma tsakaninsu akwai wata 'yar tsutsa. Wani ƙaramin malam-buɗe-littafi na dare, Hypsipyla, yana saka ƙwai a kan sabon toho. Tsutsar ta huda kan bishiyar, ta bi cikin ɓargo tana ci tana gangarawa. Alamarta ɗan tarin gari kamar dussa haɗe da ƙaro da zare-zare a bakin ramin, sai kan ya yi yaushi, ya yi baƙi, ya karye. Bishiyar ba ta mutuwa, sai ta fitar da kai biyu ko uku a madadin ɗaya. In aka maimaita haka a shekarun farko, sai a sami maɗaci mai rassa tun daga ƙugu, inuwa lafiya lau, amma ba gungumen da zai ba da falanki. Wannan tsutsa ce ta karya gonakin mahogani da dama a Afirka ta Yamma da Amurka ta Latin, feshi kuma bai cika kai gare ta ba tunda tana cikin itace. Abin da aka ga yana rage ta shi ne kada a jera maɗaci zalla a fili guda. A cakuɗa shi da wasu itatuwa, a bar masa inuwa ta gefe da rana ta sama don ya yi sauri ya miƙe, a kuma riƙa zagayawa da wuƙa ana cire kawunan da suka yi yawa a bar mafi ƙarfi. Wanda ya fito da kansa a cikin sauran itatuwan kwari ya riga ya sami rabin wannan kariya kyauta, ga saiwar da ba a taɓa yanke ta a leda ba. Shi ya sa nake ganin raya na Allah ya fi dashe arha da tabbas a duk inda uwa ta rage. Dashe na inda babu uwa ne.

Amma wa zai yi wannan wahala saboda itacen da ba nasa ba? A ganina duk maganar a nan ta taru. A Kintana Ro, kafin 1983 kamfani ne ke da izinin yanka, mutanen ƙauye na kallo. Daga wannan shekara aka mayar da dajin hannun al'ummomin da ke zaune cikinsa, suka ware yankin da ba za a taɓa mayar da shi gona ba, suka kafa injinan yanka nasu. A yankin Peten na Guwatemala, cikin gandun da aka kafa a 1990, gwamnati ta ba ƙungiyoyin ƙauyuka izinin shekara 25, da sharaɗin ƙirga itace da barin iyaye da tsaron wuta. Abin da ya biyo baya ya ba mutane mamaki: yankunan da ake yanka mahogani cikin tsari sun fi wasu gandayen da aka haramta taɓawa tsira daga gobara da share daji, domin a can akwai masu asara in ya ƙone.

Ba sai mun je nesa ba ma. A Maraɗi, ƙasar Hausa tsantsa, tun daga 1983 manoma suka koma barin tohon kututture a gonakinsu, suna zaɓar ɗaya ko biyu masu ƙarfi suna sassabe sauran, abin da suke kira sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya yi fice wajen yaɗawa. An ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200, yawanci gawo da kalgo da sabara da makamantansu. Dabarar ba sabuwa ba ce. Abin da ya sauya shi ne manomi ya sami natsuwa cewa itacen da ya raya nasa ne, malamin daji ba zai zo ya ci shi tara ba ranar da ya sari reshe. Mu a nan dokar 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, kuma yawancin bildat, wato ƙananan gonakin talaka, a cikinta suke. Mutumin da bai da tabbacin gonarsa ba za a ba wani mai mashru'i ita baɗi ba, kuma ya san in maɗaci ya girma a cikinta sai ya nemi takardar gabat kafin ya taɓa shi, me zai sa ya bar tsiron? Da yawa cire shi suke yi tun yana ƙarami don kada ya jawo musu magana. Dokar da aka yi don kare bishiyar ta zama dalilin kashe 'ya'yanta. Ga mu Hausawa abin ya fi nauyi, don an sha tayar mana da maganar wane ne mai ƙasa, kuma jinin da aka zubar a Damazin da Rusairis da Wad al-Mahi a 2022 bai bushe a zukata ba. Wanda ake ce wa baƙo a gonar da kakansa ya sare, da wuya ka ce masa ya yi shirin shekara sittin. Amma kuma na san bishiyar da mutum ya raya da saninsa, aka rubuta da sunansa, tana daga cikin shaidun zama mafi ƙarfi.

Ta fuskar dokar duniya an motsa. Yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, wadda Sudan ke cikinta, ta sa mahogani mai faɗin ganye a jeri na biyu a taron Santiyago na 2002, ya fara aiki a Nuwamban 2003. Bayan shekara ashirin, a taron Panama na Nuwamban 2022, aka sa dukkan jinsin Khaya na Afirka, tare da kawo da sauran dangin maɗobiya, ya fara aiki a Fabrairun 2023. Jeri na biyu ba haramci ba ne. Sharaɗi ne cewa kafin a fitar da katako waje sai hukumar kimiyya ta ƙasar ta tabbatar yankan ba zai cutar da ɗorewar bishiyar ba, kuma an same shi ta halal. Sai dai wannan a bakin iyaka yake aiki. Gadon da aka ƙera a Umdurman, da turmi, da kwale-kwale, da buhun sassaƙe, duk ba ruwan CITES da su, kuma nan ne yawancin maɗacinmu ke tafiya.

Wata biyu bayan dokar ta fara aiki yaƙi ya ɓarke, ranar 15 ga Afrilun 2023. Gas ya yi wuya, miliyoyin mutane suka bar gidajensu, kowa ya koma gawayi da itace, masu tsaron gandu da yawa su ma gudun tsira suka yi. Ba wanda zai zargi uwar da ta sari itace don ta dafa wa 'ya'yanta. Abin da nake hange shi ne na gaba: gidajen da aka fasa a Khartum da Madani da Sinja duk suna jiran ƙofofi da tagogi da gadaje, kuma wannan buƙata kudu za ta nufa da zarto mai inji. In za a ba da takardun yanka, to kafin a buga hatimi a aika mutum ya bi kwarin da ƙafa, tare da shehun gari da ardon makiyaya. Ya ƙirga manya, ya ware masu 'ya'ya a kansu ya shafa musu fenti, ya bar su a tsaye ba nesa da juna ba, kuma su kasance masu miƙaƙƙen jiki, ba karkatattun da mai zarto ya raina ba. Kada a sare ko ɗaya sai bayan ƙwallayen sun tsage iri ya zuba. Iskar rani daga arewa take busowa, don haka gefen kudu na kowace uwa nan ne za a share ciyawa, a ja layin wuta tun kaka, a yi shinge da ƙaya, a kuma yi yarjejeniya da masu dabbobi a bar musu mashaya a wani gefen na tsawon shekarun da tsiron zai wuce bakin raƙumi. A cikin takardar kuma a buɗe gurbi na masu kaurin cinya da masu kaurin turmi. Kwarin da aka tarar wannan gurbin babu komai, kada a ba da izinin yanka a cikinsa, ko manyan sun kai ɗari.